Binne a Bazarar Yaƙin Hitila

Ranar Lahadi, takwas ga watan Mayu, 2005, da misalin ƙarfe biyar na yamma, muna zaune a tsakar gidana a Kura. Mu uku ne: ni, da mai ɗakina Hajiya Rabi tana tsintar shinkafa a faifai, da jikana Nasiru, wanda ya shigo da busasshiyar laka har ƙwauri. Zafi bai sauka ba. Tabarmar da nake kai ma ɗumi take yi kamar an ɗauko ta daga bakin murhu.

Rediyo na kunne. Ana ba da rahoto daga Turai, inda ake bikin cika shekara sittin da Jamus ta miƙa wuya a yaƙin duniya na biyu. Yarinyar da ke karantawa muryarta fes, sai dai tana sauri, ba ta barin jimla ta huta. Na yi shekara talatin da wani abu ina wannan aiki kafin in dawo gida, kunnena kuwa har yau bai ajiye aiki ba.

"Tsoho, rage mana wannan," in ji Nasiru. "Turawa da matattunsu. Magana ce ta kawo ni."

"Bakinka a hannuna yake?"

Ya juya wajen kakarsa. "Amaryata, ki gaya wa mutumin nan na gaji da kishi da shi."

"Angon da ya shigo hannu rabbana?" in ji Hajiya, ba ta ko ɗago kai ba. "Ko tumatir ɗaya."

"Wane tumatir? Wanda ruwa bai je masa ba?"

Gaskiya ya faɗa. Filinsa na noman rani a wutsiyar kanal yake, ta wajen Bunkure. Bana kacalla da laka sun shaƙe hanyar ruwan, na gaba suna tarewa, abin da ke isowa gare shi bai fi ya jiƙa tafin ƙafa ba. Ya yi ta fama da injin ban ruwa har fetur ya gagare shi, tumatir ya bushe a tsaye da furensa. Hatsi kuma ya yi tsada irin wadda matasa ba su taɓa gani ba. Kullum manyan motoci na lodi suna yin arewa, Nijar, inda fara da ƙarancin ruwa suka cinye amfanin bara.

"Gobe zan yi binne a gonar tudu," ya ce.

Na miƙa hannu na kashe rediyon.

Ga wanda ya tashi a birni, binne shi ne a shuka iri a busasshiyar ƙasa tun ruwa bai sauka ba. In ruwan fari ya zo da ƙarfi, ka riga kowa, geronka zai nuna na wasu yana kore. In kuwa yayyafi aka yi, wanda zai tada irin daga barci bai bar masa abin sha ba, to ka yi asarar iri, wani lokaci har da shekarar.

Mun taɓa yin binne a gidanmu. A lissafin da na yi daga baya, bazarar 1943 ce, ina da shekara goma sha biyar.

A lokacin babu kanal, babu dam. Ƙauyenmu tsakanin Kura da Bunkure yake, gida bai wuce a ƙirga da yatsu ba, kowa sama yake kallo. Mu biyar ne a gidan: Baba, da Inna, da ni ɗan fari, da ƙanwata Hanne mai shekara biyar, da Baffa Dauda, ƙanin Baba, gwauro, wanda yake kai kaya Kano da jaki. Tsakanina da Hanne an haifi uku, ba wanda ya rayu. Saboda haka Hanne a gidan nan kamar ƙwai take a cokali. Ni kuwa, da yake ɗan fari ne, Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, Baba ma "kai" yake ce mini.

Yaƙin bai zo mana da ƙarar bindiga ba. Gishiri ya fara ɗauka. Daga nan kananzir, da ashana, da alawayyo da akoko. Ayarin raƙuman da ke saukowa daga arewa da kanwa da gishiri ya yanke, aka ce Jamus ta ci Faransa, an rufe iyaka. Inna ta koma tace toka tana zuba ruwan a miya. Rigar Baba ta sha faci har ba a gane asalinta. Jiragen sama kuma suka yawaita, suna ratsawa can ƙololuwa zuwa Kano, mu daina noma mu ɗaga kai har su ɓace.

Baffa Dauda ne gidan rediyonmu. A kasuwa akan sami mai karatun boko ya karanta jarida a bainar jama'a, shi kuma ya kwaso ya kawo mana, da ƙari.

"Wani ne ake kira Hitila, shi ke sarautar Jamus," ya ce wata rana muna cin tuwo. "Ya tashi ya ce gonarsa ta yi masa kaɗan. Ya ture iyaka ya shiga ta maƙwabci, aka yi shiru. Ya shiga ta gaba, aka yi shiru. A ta uku aka ɗauko sanda."

"Ba su da dagaci ne a can?" in ji Baba.

"Ya mari dagacin, Yaya."

Inna ta ce daga bakin murhu, "To ina ruwan gishirina da gonarsa?"

"Matarmu, ke ba ki san duniya ba. Gishirinki yana cikin jirgin ruwa, Hitila ya huda jirgin. Yanzu haka kifi na can na shan miyarki."

"Allah ya shirye ka. Kai da ko akuya ba ka ajiye ba, kai ne masanin teku."

Shekaru da yawa bayan haka, ina zaune a ɗakin labarai ina fassara, na tarar da sunayen gonakin: Ostiriya, da Cakosulobakiya, da Folan. Na kuma karanta cewa mutumin ƙasar noma yake nema da gaske, can gabas, inda alkamar Rasha take, ya kori masu ita ko ya bar su da yunwa, ya zaunar da nasa.

Daminar da ta gabaci wannan bazara ba ta yi kyau ba. Ruwa ya ɗauke gero na cikin fidda kai. Ga shi an matsa mana da noman gyaɗa, domin Bature na son mai saboda yaƙi, kowane magidanci sai da ya ware mata wuri a gonarsa. Muka girbe abin da ya samu, rumbu bai kai wuya ba. Ana gama kaka sai ga dogarai da mai unguwa, gida gida. Aka ce hatsi ake so a kai Jos, domin ma'aikatan da aka tara suna haƙar kuza, kuzar kuma ta yaƙi ce. Suka hau rumbunmu, ɗaya ya zura sanda ya auna, suka ce ga abin da za mu bayar. An biya. Ba zan ce ba a biya ba. Amma abin da aka ba Baba, da ya koma da shi kasuwa bayan wata biyu, ko rabin abin da aka ɗauka ba zai saya ba.

Abu ɗaya ne ba su gani ba. Kowace kaka Baba kan bi gona tun kafin girbi, ya zaɓi zangarniyoyin da suka fi cika, ya ɗaure su daban, ya rataye a rufin ɗakin girki inda hayaƙi ke hana ƙwari. Shi ne iri. Geron gidanmu ne tun kakanni, ɗan gajere, mai saurin nuna. Muhimmancinsa shi ne wannan saurin. Dawa sai sanyi ya shigo ake yanka ta. Gero ne ke yanke yunwar damina, a ƙarshen marka, ranar da aka gasa tumun fari.

Da rani ya yi nisa aka soke tuwon rana. Daga baya furar safe ta zama ruwa mai launin fura. Kafin bazara ta shigo, Baba ya shiga rumbu da kansa da tsintsiya, ya share ƙasan, abin da ya fito rabi tsaki ne rabi kashin ɓera. Inna ta bushe, ta wanke, ta daka. Daga nan sai dusa. Dusar da muke ba jaki ita Baffa ke nemowa a gidajen masu hali a Kano, a dama ta da tsamiya.

Babba yakan iya da dusa. Cikin Hanne ya ƙi. Ta sha, ta fita bayan gida, ta dawo ta kwanta a inuwar rumbu, ƙudaje na bin bakinta. Zafin bazarar nan ban ƙara ganin irinsa ba, ko kuwa yunwa ce ta sa nake ganin haka. Da hantsi ƙasa ta fi ƙarfin tafin ƙafa. Rijiya ta janye, guga na fitowa da rabi laka. Kaji suka daina tono, suna tsaye baki buɗe.

Wata safiya Inna ta zo ta durƙusa inda Baba ke gyaran igiya.

"Malam, yarinyar nan dusa ba ta zama a cikinta."

"Na gani."

"Ga gero a saman kaina, kullum ina hura wuta a ƙarƙashinsa."

"Wannan iri ne, ba hatsi ba ne."

"Da me aka yi shi?"

Baba ya ci gaba da gyaran igiyarsa. Baffa, da ba ya iya ganin shiru ya ƙyale, ya ce, "Matarmu, in kika ci iri zai tsiro miki a ciki, da kaka mu girbe ki."

Ba ta rama ba. A ranar na san abin ya kai inda ya kai, domin Inna ba ta taɓa barin Baffa da ta ƙarshe ba.

Bayan ƴan kwanaki Baba ya shiga ɗakin girki neman garwashi, ya ɗaga kai. Ya san ɗaurinsa. Ya ga igiyar ta saki, ya san an zare wasu zangarniyoyi. Ya ɗebi garwashinsa ya fito. A wannan makon ne kuma labari ya bazu a kasuwar Bunkure cewa dogarai za su sake zagayowa, wannan karon har rufin ɗaki za su duba.

Bayan sallar azahar ya ce da Inna, "Sauko da shi duka, ki sussuke. Gobe za mu binne."

Baffa ya ajiye abin da ke hannunsa. "Yaya, shamuwa ba ta zo ba."

Haka manya ke yi. Ba a binne sai shamuwa ta sauka kan itatuwan gari ta fara sheƙa, iska ta juya tana zuwa da ɗan sanyi-sanyi daga kudu, hadari ya fara leƙowa da yamma. A lokacin ba ko ɗaya. Sama fara fat.

"Na sani," in ji Baba. "A ɗaka, ko su ɗauka ko mu ci. A ƙasa ba mai taɓa shi."

"Gara fa? Tururuwa fa?"

"Su ci nasu su bar mana saura."

Inna ta sussuka irin da kanta, a hankali, kada ƙwaya ta fashe. Hanne ta taso daga inuwar rumbu ta tsuguna gefen turmi, duk ƙwayar da ta yi tsalle ta faɗi ta tsince ta ta kai baki. Da aka gama sheƙa, geron ya taru a ƙwarya, wankakke, yana ƙamshin hayaƙi. Inna ta tsaya a kansa, ba ta roƙa ba. Baba ya dube ta, ya cika tafin hannunsa biyu ya zuba mata a faifai, ya ɗauke ƙwaryar ya shiga da ita ɗakinsa.

Da yamma aka dama wa Hanne kunu. Ta shanye, ta lashe ludayin, ta ce a ƙara. Aka ɗauraye ƙwaryar da ruwa aka ba ta. A ranar ta yi wasa da ɗan jakinmu har faɗuwar rana.

Da asuba muka fita. Baba na gaba da sungumi yana sara, ni da Baffa muna biye da ƙoƙo, a tsunkuli iri a jefa a rami a rufe da diddige. Ƙasar ta bushe har sungumin na ƙara kamar ya sami dutse, ƙura na tashi daga kowane rami. Kafin hantsi diddigena ya tsage. Ba mai magana, sai sau ɗaya da Baba ya ce, bai waiwayo ba, "Kai, kada hannu ya je baki." Masu wucewa zuwa kasuwa suna tsayawa a bakin hanya su dube mu. Wani dattijo ya ɗaga murya, "Malam, an yi maka wahayi ne?" Baba ya ce, "Sannu da zuwa." Kwana biyu muka yi, muka rufe gonar tun daga tsamiyar da ke bakinta har iyaka.

Daga nan sai jira. Kowace yamma Baba ya fita bayan gida ya tsaya yana duban gabas.

Abin da muke jira bai zo ba, ɗan'uwansa ne ya zo. Wata rana da la'asar iska ta taso, wani baƙin gajimare ya taho shi kaɗai, aka yi tsawa sau ɗaya, ruwa ya sauko. Yaran gari suka fito tsirara suna ihu. Hanne ma ta fita tsakar gida ta buɗe baki sama tana dariya. Ƙamshin ƙasa ya cika ko'ina, irin wanda ke sa mutum ya ji kamar ya ɗebi ƙasar ya ci. Kafin tulun da Inna ta tara a bakin indararo ya kai rabi, an ɗauke.

Baba bai jira ya bushe ba. Muka bi shi gona. Ya tsuguna ya tura yatsa a ƙasa, ya zaro ya duba. Laimar gaɓa ɗaya ta kama, ƙarƙashinta ƙura ce. Ya matsa gaba ya sake gwadawa, ya je can tsakiya ya sake.

"Gaɓa ɗaya," ya ce.

"Wataƙila ya ƙaro gobe," in ji Baffa. Muryarsa ba irin tasa ba.

Bai ƙaro ba. Irin kuwa iri ne na gaske, bai yi ƙarya ba. Ya tsiro duka, layi layi, kamar an kafa korayen allurai daga tsamiya har iyaka. A duk faɗin yankin gonarmu ce kaɗai kore. Ban taɓa ganin shuka ta fito da kyau haka ba, kafin nan ko bayan nan, har a filayen kanal.

Sai rana ta dawo.

Muka ɗauki tuluna. Rafin da ke yamma da gari ya ƙafe, amma in an tona yashi kamu biyu ana samun ruwa yana tsatsowa. Mu tona, mu jira ya taru, mu cika da ƙoƙo, mu ɗauko a ka. Maƙwabta biyu suka taya mu ranar farko, da yunwarsu. Kowane gindi ludayi ɗaya. Kana zubawa ƙasa na shanyewa, ka juyo ba ka gane inda ka zuba ba. Inna ma ta fito, abin da ba ta taɓa yi ba, da tulu a ka da Hanne a baya. Da muka ga gonar ta fi ƙarfinmu, muka tsaya a layukan da ke kusa da tsamiya. An fita roƙon ruwa bayan gari, liman a gaba, kowa ya juya rigarsa, tsofaffi na kuka. Muka dawo da ƙura a goshi.

Ganyen ya fara naɗewa da rana yana buɗewa da safe. Daga baya ya daina buɗewa. Ya koma ruwan toka, ya kwanta, iska ta kwashe. Na kusa da tsamiya ne suka yi ƙarshe.

Shamuwa ta zo bayan haka. Ruwan gaske ya sauka, kamar da bakin ƙwarya, tun hantsi har azahar, rafi ya kawo. Duk wanda ke da iri ya fita da sungumi. Mu muka zauna a zaure muna jin ƙarar saransu.

Dogarai kuwa ba su dawo ba. Ba a wannan shekara ba, ba a ƙauyenmu ba.

Baba ya zaga dangi. Ya je Bunkure wajen ƴan'uwan Inna, ya je har Kumbotso wajen wani abokinsa. Wanda ke da irin gero ya riga ya zuba a ƙasa, wanda bai zuba ba ya ci. Ya dawo da ƴar dawa a ƙullin rigarsa. A ƙofar dagaci kuwa ga irin gyaɗa nan buhu buhu, ko nawa kake so. Muka shuka gyaɗa a gonar geronmu, dawar muka zagaye gefe da ita.

Yunwar damina daban take da ta bazara. Da bazara duniya ta bushe, kai ma ka bushe, kun yi daidai. Da damina ko'ina kore, kwaɗi na kuka, ruwa na zuba daga indararo, ciki kuwa ba komai. Inna ta dafa tafasa, ta dafa rama, ta dafa yaɗiya, ba gishiri ba ƙuli. Ni da Baba da Baffa muna ƙwadago a gonakin masu hali, a sallame mu da ɗan abin da za a dama. Fartanya ta yi mini nauyi har nakan ga duhu in na ɗago. Baffa ya sayar da jakin. Bayan haka labarin Hitila ya yanke mana, ba mai zuwa Kano.

Ƙafafun Hanne suka kumbura, in an danna yatsa ramin ya zauna. Gashinta ya yi ja ya yi laushi. Ta daina kuka, ta daina neman abinci. Abin da aka dama mata na kirki ma, in ya samu, ba ya zama.

Geron maƙwabta ya fidda kai, ya yi bununi, ya fara ƙwaya. Da namu ya rayu, da ya riga nasu da nisa. Ranar da maƙwabcinmu ya karyo tumun fari, matarsa ta gasa ɗaya ta kawo da kanta a cikin ruwa, ta lulluɓe shi da gefen zanenta. Inna ta murje a tafin hannu, ta hure, ta kai wa Hanne baki. Ta kau da kai. Sai ta miƙa hannu ta karɓi sauran tumun ta riƙe, tana shinshinawa. Yana hannunta ta cika, washegari da hantsi, ana ruwa.

Ba a sami alawayyon da za a yi likkafani ba. Baffa ya bi gidaje, ba mai ko kamu ɗaya. Baba ya shiga ɗaki ya ɗauko rawaninsa na sallar idi, Inna ta wanke, aka shanya a ɗakin girki, a igiyar da ake rataye iri, domin waje ruwa ake. Da ɗan danshinsa aka naɗe ta. Ya isa har ya yi saura.

Inna ba ta taɓa ce wa Baba komai a kan irin nan ba, ko da rana ɗaya, har ta bar duniya. Shi ma bai taɓa tada maganar ba. Ni ne na yi ta lissafi. Da an bar geron an riƙa dama wa Hanne ita kaɗai, zai kai ta wani wuri, amma zai kai ta kaka? Da an jira shamuwa, Inna za ta iya hura wuta a ƙarƙashinsa har lokacin? Na yi aikin da ake auna kowace kalma kafin a faɗe ta, na saba da raba abin da aka tabbatar da abin da ake zato. Wannan lissafi bai taɓa fita ba.

Abin da na tabbatar daga baya shi ne, a lokacin da muke rufe ramukan nan da diddige, yaƙin ya riga ya juya. Watanni kaɗan kafin nan rundunar Hitila ta miƙa wuya cikin ƙanƙara a Stalingrad, can ƙasar Rasha, ba abinci, ba hanyar fita. Daga nan baya ya yi ta ja. Mu ba mu sani ba. Da mun sani ma ba abin da zai sauya.

Gyaɗar ta yi kyau a shekarar. Aka auna, aka ɗora a jirgin ƙasa.

Shekara biyu bayan haka, a watan Mayu, mai shela ya zaga da ganga yana cewa an ci Jamus. A Kura an yi kiɗa, an ce an raba wa yara alewa. Baffa ya shigo da sauri, rabon da in ga haƙoransa an daɗe.

"Yaya, an gama! Hitila ya kashe kansa a cikin rami, sojan Rasha na bisa kansa. Gonakin mutane duk an karɓe, har tasa ta gado an shiga."

Baba na zaune yana ɗaure bakin sungumi. Ya ja igiyar da haƙori ya ƙulle.

"Shamuwa ta zo?" ya ce.

"Ta zo."

"To."

Bai sake yin binne ba har ya rasu. Ni kuma a ƙarshen wannan shekara aka tura ni birni wajen wani ɗan'uwan Inna, domin a rage baki a gida, daga nan na faɗa makaranta. Da na dawo hutu wata shekara, bayan an gina dam, na tarar an sare tsamiyar, kanal ya ratsa gefen gonarmu, ruwa na gudu a tsakiyar rani. Na karanta labarin wannan aiki da bakina a rediyo. Na tuna jimlar: manoman yankin sun daina dogara da ruwan sama.

Ban ba Nasiru wannan labari duka ba. Ya san an yi wata Hanne, bai san sauran ba. Abin da na ce masa shi ne, "Ka ga shamuwa?"

"Wace shamuwa, tsoho? Ina itacen da za ta sauka? Ni bana ban ga ko ɗaya ba."

"To raba irin biyu. Binne rabi, ka ajiye rabi."

Ya sunkuyar da kai yana ɓanɓare lakar ƙafarsa. Da ya ɗago, wasan ya tafi, sunan da yake kirana da shi ma ya sauya.

"Alhaji, rabin ai an kai inji tun wancan makon. Ummi ce ba ta da lafiya, uwarta ta ce garin rogo ba ya zama a cikinta. Ban hana ba." Ummi ƴarsa ce, shekararta huɗu. "Wanda ya rage, in ya ƙara mako a ɗaka, shi ma inji zai tafi. Gara yana ƙasa."

Hajiya ta daina tsinta. Ta tashi ta shiga ɗaki, ta fito da leda, ta juye shinkafar faifan duka a ciki ta ƙulle, ta ajiye a gabansa. Mu ma awo muke yi, ya sani.

"Ku fa?" ya ce.

"Ɗauka ka tashi, ango, kafin in fasa auren."

Ya yi dariyar da ba ta wuce leɓe ba, ya ɗauka. A bakin ƙofa ya tsaya yana jira ko zan ƙara wani abu. Na ce Allah ya ba da sa'a. Ya ce amin.

Ranar Litinin ya binne irin. Ranar Laraba da la'asar aka yi yayyafi, yaran unguwa suka fito suna ihu. Da aka ɗauke na sa wani maƙwabci ya kai ni gonar a bayan babur. Na tsuguna na tura yatsa, na matsa gaba na sake, na je tsakiya na sake. Gaɓa ɗaya.